Hoton da Ya Ƙi Gusawa

"Salamu alaikum. Wai wane ne ya yi wannan aikin?"

Anas ya ɗago kai daga kan ordinatarsa, wato kwamfuta. Wata budurwa ce tsaye a bakin ƙofar biron da yake aiki a ciki, doguwa, baƙa, da tabarau mai kaurin gilashi a fuskarta. Ta ɗaga wayarta sama kamar wadda ta kamo ɓarawo ta kawo shi gaban alƙali. A bayanta tashar motocin Alhaji Labo na ta hidimarta ta kullum, 'yan kabu-kabu na ƙwala kiran fasinja, masu rake na fere, ana ɗora buhunan shinkafa kan motar Dosso.

"Wa alaikumus salam. Wane aiki, Malama?"

"Shafinku na intanet."

Nan take Anas ya gyara zama. Bai daɗe da dawowa Gaya daga Yamai ba, inda ya karanto infomatik, ilimin kwamfuta, kuma wannan shafin shi ne abu na farko da ya yi wa kamfanin mahaifinsa, Alhaji Labo. Duk wanda ya ambaci shafin sai ka ga kan Anas ya ƙara girma.

"Ni ne," ya ce, har da ɗan murmushi, yana jiran yabo.

"To, Allah ya shirye ka."

Murmushin ya gudu. Amma wani abu ya riƙe shi, domin ya san wannan muryar. Wa bai san ta ba a Gaya? Ita ce muryar da ke fitowa kowace safiya daga rediyon Muryar Gulbi, tana gaya wa mutanen Bana da Zabori da sauran ƙauyuka motar da za ta tashi da wadda aka ɗage. Manoma da yawa ba sa fitowa daga gida da kayansu sai sun ji ta.

"Ke ce Nuriya Garba?"

"Ni ce. Riƙe, ka nemo mini lokacin motar Bana."

Ta miƙa masa wayar. Anas ya duba, ya sake dubawa. Ya san shafinsa sarai. A sama akwai wani faffaɗan layi da shi yake kira bando, mai ɗauke da hoton Alhaji Labo da sunan kamfani, kuma ya manna shi yadda ko ka gangara ƙarshen shafi yana nan sama bai motsa ba. A ƙasa kuma akwai koren maɓalli mai cewa a kira kamfani, shi ma a manne. A wayarsa abin gwanin kyau. Amma a wayar Nuriya an ƙara girman rubutu sosai, don haka hoton ya kumbura ya cinye rabin fuskar wayar, maɓallin ya kumbura ya cinye ƙasa. Abin da ya rage a tsakiya ɗan tsaga ne kamar bakin asusu.

"Tun ina ƙarama ƙyanda ta taɓa mini ido," in ji Nuriya. "Ina karatu, amma sai rubutu ya yi girma, kuma sai na kawo shi kusa. Da can akawunku na rubuto mini sanarwa da babban alƙalami. Da ka zo da wayewarka aka ce mini in duba shafi. To na duba. Na ja ƙasa, Alhaji ya biyo ni. Na ja sama, yana nan. Hancinsa da gefen hularsa kawai nake gani, wallahi har na haddace su."

Anas ya so ya yi dariya, ya ga ba fuska.

"Yau da safe na haɗa layin motar Zabori da na Bana a sanarwa," ta ci gaba. "Wata mata ta taso da kwandon tumatirinta ta zauna bakin hanya har rana ta dafa shi. Ni ta zaga, ba kai ba."

"Ban taɓa tunanin haka ba," ya ce a hankali.

"Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata."

Ta karɓi wayarta ta juya. Ya tashi da sauri zai nuna mata inda dakali yake, ta ɗaga masa hannu.

"Na san hanya, Ɗan Yamai. Shafinka ne ban sani ba."

Har ta ɓace cikin jama'a Anas na tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Ranar dai bai ƙara wani aikin kirki ba.

Da yamma ya sami mahaifinsa a ƙarƙashin rumfa yana shan shayi da direbobi. Ya jira suka watse, ya durƙusa ya kawo maganar. Alhaji Labo mutum ne da ya fara da tura amalanke a bakin kogin Isa har ya kai ga motoci, kuma ba ya son kowa ya manta da haka.

"Kai! Hotona ne zai gusa? Kamfanin na wa?"

"Naka ne, Baba. Ba cire shi zan yi ba. Zai zauna a sama, in mutum ya gangara sai ya wuce shi."

"Ya wuce ni? A shafina? Ni na ce ka manna shi, kuma ya mannu ke nan. Tashi ka ba ni wuri."

Anas ya tashi. Gaskiya yana tsoron Alhaji, tun yana yaro haka yake. Amma muryar nan ta ƙi barin kunnensa. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zo wa mai ilimi idan ba ya son rigima. Ya kwafi shafin ya yi wani na biyu, ba hoto a manne, ba maɓalli, ya ba shi wani adireshi da babu wanda ya sani. Ya nemi lambar Nuriya a gidan rediyo ya tura mata saƙo.

"Malama Nuriya, barka da yamma. Anas ne, wanda kika roƙa wa shiriya. Ki buɗe shafin ta wannan adireshin. An gyara."

Ba a jima ba amsa ta shigo.

"Na buɗe. Na karanta tun daga sama har ƙasa ba wanda ya biyo ni. Fofo, na gode, Ɗan Yamai. Ashe addu'ata ta karɓu."

Anas ya karanta saƙon nan ya fi a ƙirga. Bai gaya mata cewa shafin nata ne ita kaɗai ba. Ya ce a ransa ai ba ƙarya ya yi ba, an dai gyara.

Daga nan fa saƙonni suka ɓalle. Da farko maganar motoci ce, daga baya motocin suka zama hujja kawai.

"Muryar safiya, yau kin yi tari sau ɗaya a rediyo. Ki sha zuma."

"Au, sanarwa kake saurare ko tarina?"

"Duk abin da ya fito daga bakinki."

"Ɗan Yamai, ka ji tsoron Allah. Ina wurin aiki."

Ranar da ya fara zuwa zance gidansu, a unguwar masunta can gangaren kogi, ya zo da ƙullin muruci, don ta taɓa faɗa a rediyo cewa ba abin da take so kamarsa. Ta fito da tabarma suka zauna a ƙofar gida, warin kifin banda na tasowa daga maƙwabta.

"Wasu turare suke kawowa," ta ce tana ɓare muruci.

"In je in canza?"

"Taɓa ka gani."

Abin da ya ja ta gare shi ƙaramin abu ne. In saƙo ya shigo wayarta ta ɗaga ta har kusa da hancinta tana karantawa, Anas ba ya miƙa hannu. Sai ya jira ta gama. Nuriya ta saba da masu fizge mata waya, kuma shugabansu shi ne Mustafa, ɗan wan mahaifinta, wanda ke da shagon atamfa yana sarowa daga Malanville, can ƙetaren kogi. Mustafa ba mugu ba ne, yana sonta tun suna yara. Sai dai kalmarsa ɗaya ce kullum: "Kawo in karanta miki." In za ta tsallaka titi ya riƙe mata gyale, in za ta zuba shayi ya karɓe butar. Ya kuma riga ya faɗa cewa in ya aure ta ta gama wahalar zuwa rediyo.

Malam Garba, mahaifinta, Mustafa yake so. Wata rana yana gyaran koma a tsakar gida ya kira ta.

"Nuriya, yaron nan na Alhaji Labo, na ga ƙafarsa ta yi yawa a ƙofar gidan nan."

"Baba, da niyyar alheri yake zuwa."

"Ban ce mugu ne ba. Amma ɗan masu hali ne, murya ya ji ta burge shi. Ranar da kika zuba gishiri a maimakon sukari a gaban danginsa fa? Mustafa jininki ne, ya san lalurarki, ba zai taɓa goranta miki ba."

"Baba, Yaya Mustafa lalurata ya sani. Anas ni ya sani."

Tsohon ya ci gaba da ɗaure zarensa. "Bayan girbin shinkafa zan ba iyayen Mustafa amsa. Ki yi tunani."

Nuriya ba ta damu sosai ba, don tana ganin tana da hujjarta a hannu. Ga mutumin da ta gaya wa matsala sau ɗaya ya tashi ya kawar da ita.

Tana da wani shiri ranar Juma'a da masu saurare ke bugo waya. A wannan makon ta ɗauko zancen masu raunin gani da yadda wayoyi ke wahalar da su. Daɗi ya ɗebe ta, ta ce:

"Amma jama'a, akwai masu ji idan an yi musu magana. Shafin motocin Alhaji Labo da kuka sani, wanda hoto ke rufe rubutu, an gyara shi. Ni shaida ce. Duk mai raunin ido ya ƙara girman rubutu ya buɗe, zai karanta lafiya lau."

Ba ta rufe baki da daɗewa ba waya ta shigo. Malam Alfari ne daga Bana, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da yanar ido ta kama.

"'Yata, ina jin ki kullum, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Amma ga shafin nan a hannuna yanzu, kuma hancin nan dai shi nake gani."

Nuriya ta yi dariyar yaƙe ta ce wataƙila rezon intanet ne ya yi rauni. Sai wata mata ta bugo daga cikin gari ta ce ita ma haka. Wani mai rawar hannu ya ce shi duk lokacin da zai ja shafin sai yatsansa ya faɗa kan koren maɓallin, waya ta kama kiran tasha. Na ƙarshe ko sallama bai yi ba, ya ce, "An dai ba ki na goro ki yi musu talla," ya kashe.

Ta ƙarasa shirin da ƙyar. A waje ta tarar da Mustafa kan babur yana jiranta. Ya ce ta kawo wayar, yau kam ba ta yi musu ba. Ya jera ta da tasa ya duba.

"Ai adireshin ba ɗaya ba ne. Naki daban ya yi miki." Ya yi ƙoƙarin ɓoye jin daɗinsa, bai iya ba. "Ni ban ga laifinsa ba ma. Ya tausaya miki ne."

Wannan kalmar ita ta fi komai yi mata ciwo.

Ba ta je gida ba, tasha ta wuce. Anas ya ji shirin, don haka tana shigowa ya miƙe.

"Nuriya, tsaya in yi miki bayani. Alhaji ne ya ƙi. Na rasa yadda zan yi, shi ne na ce aƙalla ke..."

"Aƙalla ni."

"Don ke na yi, wallahi."

"Ai shi ne abin da ya ƙona mini rai! Na zo nan na gaya maka shafinka na da matsala, kai kuma ka ji cewa ni ce mai matsala. Ka yi mini ƙofar baya ka ce an gyara gida. Malam Alfari ba mutum ba ne? Ko don shi ba ka son aurensa?"

Anas ya sunkuyar da kai.

"Ban da komai a garin nan sai muryata, Anas. Mutane na fitowa da kayansu don na ce su fito. Yau an ce mini mai cin na goro." Ta cire tabarau ta share ido da bakin gyale, ta mayar. "Yaya Mustafa aƙalla a gabana yake karɓe wayar. Kai a ɓoye ka karɓe."

Ta fita. Washegari ta bai wa masu saurare haƙuri da bakinta, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta koma aika wa akawun tasha ya rubuto mata sanarwa da babban alƙalami. Da Malam Garba ya sake tambayarta, ta ce, "Baba, duk yadda ka gani." Tsohon ya dube ta, bai ji daɗin yadda ta faɗa ba.

Saƙonnin Anas suka riƙa shigowa suna taruwa.

"Muryar safiya, na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Ko zagi ne ki turo, zan karɓa."

"Na ji an fara yankan shinkafa a fadama. Nuriya, ki ce wani abu."

Ba ta ce ba. Tana karantawa, ta kife wayar, ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Shi kuwa Anas, da ya gaji da tausayin kansa, sai ya zauna ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya buɗe ainihin shafin, na kowa da kowa. Ya ɓamɓare hoton daga inda yake manne, ya bar shi a sama yadda in an gangara zai wuce. Ya mayar da koren maɓallin ƙarshen shafi. Ya goge na ɓoyen gaba ɗaya. Kuma wannan karon bai yarda da idonsa ba. Ya hau babur har Bana, ya yi tambaya aka nuna masa gidan Malam Alfari.

Tsohon ya karɓe shi a zaure, ya kawo wayar kusa da idonsa mai ɗan sauran gani, ya daɗe yana ja.

"Hancin ya tafi," ya ce. "Amma wannan rubutun naka mai ruwan toka a kan fari, wa ka yi wa? Mayar da shi baƙi."

Anas ya gyara nan take a kan gwiwarsa. Tsohon ya sake samo wani abu, ya sake gyarawa. Sai da la'asar ta yi sannan Malam Alfari ya ce, "To, yanzu ka yi aiki." Ya sa aka kawo masa fura.

Saura babban dutsen. Anas bai jira Alhaji ya gano da kansa ba, ya same shi a rumfa ya durƙusa ya faɗa masa. Alhaji Labo ya zaro wayarsa, ya ja shafin da babban yatsa, ya ga kansa ya sulale sama ya ɓace. Sai da ya miƙe tsaye.

"Mayar da shi!"

"Baba, ka yi haƙuri. Komai ka ce in yi zan yi, ban da wannan."

"Saboda 'yar Garba mai kamun kifi? Yarinyar da sai ta shinshina waya kafin ta karanta? Ita za ka kawo mini gida?"

Anas bai tashi ba. "Ita nake so, Baba. Amma ko ta ƙi ni, hoton ba zai koma ba. Fasinjojinka ne ba sa iya karantawa."

"Ajiye mini makullin biro da na babur. In ka dawo hankalinka ka zo ka ɗauka."

Ya ajiye su a kan tabarma ya tafi da ƙafa.

Juma'a ta zagayo. Nuriya na tsakiyar shirinta, ana zancen tsadar taki, aka haɗa ta da wani mai kira.

"Salamu alaikum. Sunana Anas Labo, daga nan Gaya."

Saura kaɗan ta ture makirfo. Mai kula da na'ura ya dube ta ta gilashi yana tambaya ko ya yanke, ta girgiza kai.

"Muna jin ka, Malam Anas."

"Ina so in gaya wa jama'a cewa Malama Nuriya ba ta yi muku ƙarya ba. Ni na yi mata. Ni na yi shafin motocinmu, ta kawo mini kuka, na ji tsoron gyarawa, sai na yi mata wani daban na ce an gyara. Ba ta sani ba, kuma ba wanda ya ba ta ko ƙwayar goro. Yanzu an gyara na gaskiya. Kada ku yarda da ni, ku buɗe ku gani. Wanda ya ga saura ya faɗa, zan zo har gida. Shi ke nan. Allah ya ba ku haƙuri, ita ma Allah ya ba ta."

Layi ya ɗauke. Nuriya ta buɗe baki, a karo na farko tun da ta fara aiki murya ta ƙi fita. Allah ya taimake ta Malam Alfari ya bugo.

"'Yata, yaron nan gaskiya ya faɗa. A zaurena aka ƙarasa aikin, ni na sa shi gaba. Ga shi ina karantawa tiryan-tiryan."

A can gangaren kogi Malam Garba na zaune da 'yar rediyonsa a gefen kwalekwale. Ya ajiye koma ya daɗe yana kallon ruwa. Shi dai a rayuwarsa bai taɓa jin ɗan mai kuɗi ya tsaya gaban gari ya ce ni ne mai laifi ba.

Da yamma saƙo ya shiga wayar Anas.

"Ɗan Yamai, ka ɓata mini shiri. Ana zancen taki ka sa ni kuka."

Ya rubuta: "Kin yafe?"

"Na ji an karɓe maka babur. Gidanmu dai ba nisa. Ka zo da muruci."

Abin dariya kuma, Alhaji Labo ya fita masallaci a ranar da fushinsa, sai ya tarar ana jiransa da hannu bibbiyu. Ai a tunanin mutanen Gaya ko tsinke ba ya motsi a tashar nan sai da izininsa. Wannan ya ce, "Alhaji, Allah ya saka, ka sauke kanka saboda talakawa." Wancan ya ce tsohuwarsa ta yi masa addu'a. Har liman ya riƙe hannunsa ya ce irin wannan tawali'u ya yi ƙaranci a zamanin nan. Alhaji ya yi gyaran murya, ya gyara babbar riga, ya ce, "Ai ba komai. Dama ni na daɗe ina cewa a duba masu rauni."

Da ya dawo gida ya aika aka kira Anas. Ya tura masa makullan da ƙafa ba tare da ya dube shi ba.

"Ɗauki. Kuma yarinyar nan, na ji shirin nata. Ta ba da haƙuri ba ta kama sunanmu ba, alhali tana da iko. Maganar da na faɗa a kanta, na janye." Ya kurɓi shayi. "Yaushe za a je wurin Garba? Kada wani ya riga mu, a ce an kayar da ni."

Nuriya da kanta ta sami Mustafa a shagonsa ta gaya masa. Ya daɗe yana ninke wani turmin atamfa da ya riga ya ninku.

"Ni fa so nake in sauƙaƙa miki, Nuriya."

"Na sani, Yaya. Allah ya ba ka wadda ke son a sauƙaƙa mata. Ni so nake a bar ni in yi."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce Allah ya sa alheri. Kuma don a faɗi gaskiya, shi ya ba da atamfar ankon biki.

Kafin manya su shiga maganar, Malam Garba ya ce a turo masa yaron shi kaɗai. Anas ya zo ya durƙusa a tsakar gida.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. 'Yata ba ta gani kamar kowa. Za ka iya kula da ita?"

Anas ya ce, "Baba, na taɓa gwada kula da ita ba tare da na tambaye ta ba, ka ji yadda ta ƙare a rediyo. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne, kafin in yi mata abu zan tambaye ta, kuma abin da ta faɗa shi zan ji."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Ni na haife ta, amma sai bana na koyi wannan. Tashi, ka turo iyayenka."

Bayan an kai shinkafa rumbu aka ɗaura aure. Gaya ta cika. Masunta suka zo da kifi kwando-kwando, Alhaji Labo ya ba da mota kyauta ta kwaso mutanen Bana, Malam Alfari a kujerar gaba. Matar nan mai tumatir ma ta zo, ta ce ta yafe tun tuni, ta kuma fi kowa rawa. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, 'yan uwa mata suka kai amarya ɗakinta da guɗa.

Washegari da hantsi gida ya yi shiru, baƙi sun ragu. Hasken rana na shigowa ta taga. Anas ya shigo da tiren shayi ya ajiye, ya zauna nesa kaɗan kamar baƙo.

"Muryar safiya, kayan ɗakin nan gwaggonninki ne suka jera. Ban taɓa komai ba. Ki faɗi inda kike son kowane abu ya zauna, in ɗauka."

"Za a yi wannan," in ji Nuriya. "Matso tukuna."

Ya matso.

"Ƙara."

Ya ƙara, har gwiwarsa ta taɓa tata. Ta sa hannu biyu ta riƙe fuskarsa, ta kawo tata kusa, kusa sosai, har yana jin numfashinta.

"Ka san wani abu, Anas? Duk zaman da muka yi a ƙofar gida, inuwarka kawai nake gani da farar riga. Hotonka na ja shi a waya har ya farfashe. Daga nan kaɗai nake iya ganin mutum, kuma sai yau ya halatta in zo nan."

Ta bi goshinsa da ido a hankali, ta sauko kan girarsa, ta tsaya.

"Ashe kana da tabo a nan."

"Daga kan amalanken Alhaji na faɗo ina yaro."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini." Ta shafa wurin da yatsa. "Kuma ashe kuka kake yi."

"To yaya kika gani? In koma?"

"Zauna inda kake," ta ce, ita ma idonta ya cika. "Ban gama ba."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare suna ganin juna. Amin.